Yadda Ake Ɗibar Samfurin Ruwa, Ƙasa Da Ƙurar Wurin Aiki Don Gwajin Guba

Duk shekara idan lokacin furojet ya kama, ba na rasa ɗalibin da zai yi mini sallama da robar lemo a hannu, an cika ta da ruwa, babu ko rubutu a jikinta, ta kwana biyu a jaka. "Malam, don Allah a duba mini wannan." In ce me za a duba? Ya ce, "Duk abin da ke ciki." Nan nake jawo masa kujera, don maganar tana da tsawo.

Injin da ke ɗakin gwaji ba boka ba ne. Abin da ka zuba masa shi zai karanta maka, ko da dattin kwalbarka ne ba na rijiyar ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin sakamakon banza da na gani a fili aka ɓata su, a bakin rijiya ko a ƙofar shago, tun kafin a kunna wani inji. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan ɗiba fiye da kan awo.

Da farko, ka san abin da kake nema

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka taɓa kwalba, je ka zagaya wurin da ƙafa, daga kai sai littafi da biro. Idan rijiya ce a cikin Birni ko Tudun Wada a nan Zariya, inda gidaje suke manne da juna, fara auna nisanta da masai, da kwata, da turken dabbobi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar mita 30 tsakanin rijiya da masai. A tsofaffin unguwanninmu kuwa sai ka tarar katanga ɗaya ce ta raba su, masan ma na maƙwabci ne. A irin wannan wuri ƙwayoyin cutar bahaya da gishirin naitiret za ka nema. Idan layin masu gyaran batir ne ko garejin kanikawa a Sabon Gari, dalma da kadmiyam za ka bi, a cikin ƙasa da ƙura. Majemar da ke aiki da sinadarin zamani, kuromiyam ne abin zargi, amma majemar gargajiya da ke jima da bagaruwa ba ta da wannan matsalar, kada ka ɓata kuɗinka. Masu fasa dutse, ƙurar dutse mai cin huhu. Masu injin niƙa, ƙurar gari da ƙara. Lambun da ake ba ruwan da ya ratso gari, nan abu uku ne: ruwan, da ƙasar, da ganyen.

Sai ka rubuta tambayarka a jimla guda. Misali: shin ƙasar tsakar gidajen da ke bayan shagunan batir ta fi ta gidajen da ke nesa dalma? Ka ga tambayar da kanta ta gaya maka abin da za ka ɗiba, da inda za ka ɗiba, ta kuma tilasta maka neman wurin kwatance, wato wani wuri mai irin ƙasar amma babu sana'ar a kusa. Lamba ita kaɗai, ba tare da abin gwada ta da shi ba, ba ta cewa komai.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, ana ba da maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya ci. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura cewa a cikin gidaje ake daka da niƙa duwatsun zinariya, aka tura jini gwaji, aka auna ƙasar tsakar gida, sannan aka gano dalma ce. A wasu wuraren ta haura miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokacin na wurin wasan yara 400 ne. Yara sama da 400 suka rasu. Irin haka ta sake faruwa a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wanda ya tsaya ya kalli abin da mutane suke yi a tsakar gida shi ya san wace guba za a nema.

Ka kuma sa lokaci a lissafi. Rijiyar da ka ɗiba a Afrilu, ruwa ya ja ƙasa, ba ita ce ta Agusta ba, lokacin da ta cika har ana kamfata da hannu kuma ruwan sama ya wanko komai ciki. Iskar Disamba da hazon hunturu ba ita ce ta damina ba. In hali ya yi, ɗebi na rani ka ɗebi na damina. In bai yi ba, rubuta ƙarara cewa sakamakonka na wata kaza ne.

Izini

Kada ka tsallake wannan. Fara da mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, ka yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Yawancin rijiyoyin suna cikin gida, gidajen kuma ba a shiga, don haka in kai namiji ne ka tafi da abokiyar aiki mace wadda ka koya wa ɗibar da kyau. Wani abu da na koya da wahala: kada ka ɗiga asid ɗin da ke adana samfur a kwalba a bakin rijiya mutane suna kallo ba ka yi bayani ba. Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa cewa an zuba wani abu a ruwa. Bari mai gidan ya ja gugan da hannunsa, kai ka tara kwalba, asid kuma ka ja gefe ka sa bayan ka nuna masa a kwalbarka yake tsayawa. Ka yi alkawarin dawo da sakamako, kuma ka cika.

Je ɗakin gwaji kafin ka je fili

Mu a Zariya mun yi sa'a. Akwai ɗakunan gwaji a sassan kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ta daɗe tana gwajin ƙasa, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, akwai cibiyar fasahar fata ta NILEST, ga kuma cibiyar CERT mai ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004, wanda ake iya gano ƙarafa iri-iri da shi a samfur guda. Duk inda ka zaɓa, je ka yi tambaya huɗu: wane inji za a yi amfani da shi, mene ne mafi ƙanƙantar adadin da yake iya gani, nawa ake so ka kawo kuma a wace irin kwalba, wace rana da wane lokaci za a karɓa. Tambaya ta biyu ita ce uwa, zan dawo kanta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwalabe kwana biyu kafin fita ake shirya su, kuma kowane gwaji da irin tasa:

Na ƙarafa, robar da ba a taɓa zuba komai ciki ba, mai murfin roba. A wanke da sabulu, a jiƙa ta kwana ɗaya a ruwan asid na naitirik kashi 10 cikin ɗari, a ɗauraye sau uku da tataccen ruwan ɗakin gwaji.

Na ƙwayoyin cuta, kwalbar da aka dafa a tukunyar tururi a zafin digiri 121 na Salsiyos na minti 15, ba a buɗe ta sai a bakin ruwan. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, a sa ɗan sinadarin tayosalfet a ciki tun kafin a dafa, in ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, ka iso da ruwan da ya fi na gidan tsafta.

Na maganin ƙwari, kwalbar gilashi mai ruwan ƙasa, lita ɗaya. Roba tana shanye irin waɗannan magunguna, hasken rana kuma yana lalata su.

Sauran kaya: kula da ƙanƙara, safar hannu da yawa, takunkumi, salatif na takarda, maka wadda ruwa ba ya gogewa, ma'aunin pH, wato tsamin ruwa, cokalin roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, ledoji masu zif, da wayar da za ta ba ka lambobin wuri na GPS.

Maganar maka ba wasa ba ce. A farkon aikina na ɗebo rijiyoyi goma sha biyu a rana ɗaya, na rubuta lambobi da biro a 'yan takardu na manna. Zafin Maris ne, ƙanƙara ta narke a hanya. Da na buɗe kular sai ga takardun suna iyo a sama kamar ganyen zogale a miya, kwalaben kuma duk tsirara, kamarsu ɗaya. Na tsaya ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a haske wai ko zan gane ta gidan liman da launinta. Ƙarshe dai zubarwa na yi, na sake bin gidaje goma sha biyu ina ba da haƙuri. Tun ranar nake rubutu a jikin kwalbar kanta da kan murfi, kafin in zuba ruwa, sannan in sa kowace a leda.

A jikin kwalba: lamba, kwanan wata, lokaci, gwajin da za a yi. A littafi: sunan unguwa, lambobin wuri, zurfin ruwa, ko rijiyar tana da murfi, launi, wari, ko an yi ruwan sama jiya, wa ya ɗiba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma abin da ka gani ka rubuta shi zai fassara maka lambobin daga baya.

Ɗibar ruwa

Rijiya: yanke shawara tukuna, ruwan ƙasa kake son sani ko ruwan da iyali suke sha? In na sha ne, yi amfani da gugansu, har ma ka ƙara da na randa, domin sau da yawa rijiyar lafiyarta ƙalau, a randa da moɗa ake ɓata ruwan. In ruwan ƙasa ne, zura tsaftatacciyar kwalbarka da sabuwar igiya, kada ta gogi bango, kada ta taɓa laka.

Burtsatse: a buga ko a kunna na minti biyar zuwa goma, ruwan da ya kwana a bututu ya fita. In kana da ma'auni, ka ɗiba lokacin da pH da zafin ruwan suka daina canzawa.

Famfo: nan ne ɗalibai suke ruɗewa, don hanyoyi biyu ne masu kishiyantar juna. Idan ƙwayoyin cuta kake nema, cire duk tsumma ko tiyo da aka ɗaura, goge bakin famfon, ƙona shi da wuta in na ƙarfe ne, bar ruwa ya zuba minti biyu zuwa uku, sannan ka tara. Idan dalmar da ke fita daga bututu da kan famfo kake nema, ruwan farko na asuba ake so, wanda ya kwanta aƙalla awa shida, lita ɗaya, ba a zubar da ko ɗigo ba. Wanda ya bar ruwa ya zuba sannan ya nemi dalma, ya zubar da amsarsa a kwata.

Kogi: ɗauki Kubanni misali, da ya bi ta jami'a ya ratsa unguwanni kafin ya faɗa Galma. In kana zargin wata kwata da ke zuba ciki, wuri uku za ka ɗiba aƙalla: sama da ita, daidai bakinta, da can ƙasa inda ruwan ya gauraya. Fara daga ƙasa ka hauro, don kada lakar da ƙafarka ta tayar ta shiga kwalba ta gaba. Fuskanci inda ruwa yake fitowa, nitsa kwalbar kamar taƙi ɗaya a ƙarƙashi, bakinta yana kallon ruwan.

Kwalbar sinadarai ana ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin kafin a cika. Ta ƙwayoyin cuta ba a ɗauraye ta, ba a ajiye murfinta a ƙasa, kuma ana barin ɗan fili a sama don a iya girgizawa. Zafi da pH da kulorin a nan take ake auna su, ba sa jiran mota.

Kowane samfur da kwanakinsa. Na ƙwayoyin cuta ya shiga ƙanƙara nan da nan, ya isa ɗakin gwaji cikin awa shida, in ya wuce awa 24 a zubar. Naitiret, awa 48 a sanyi. Maganin ƙwari, a ciro shi daga ruwan cikin kwana bakwai. Na ƙarafa, in an ɗiga masa asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, yana kai wata shida, ban da makuri da ba ya wuce kwana 28. Kada ka sa wannan asid a kwalbar naitiret, ka zuba abin da kake nema da hannunka ke nan. Kuma kada ka fita ɗibar ƙwayoyin cuta ranar Juma'a da rana.

Sai abu biyu da suke raba mai aiki da mai wasa. Na ɗaya, kwalbar shaida: cika kwalba ɗaya da tataccen ruwa tun daga ɗakin gwaji, tafi da ita, buɗe ta a fili, sa mata asid ɗin da ka sa wa saura, a auna ta tare da su. In aka ga dalma a cikinta, to daga kwalbarka ko asid ɗinka take, ba daga rijiyar mutane ba. Na biyu, tagwaye: a cikin kowane samfur goma, ɗebi ɗaya sau biyu, ba su lambobi daban, kada ka gaya wa mai awo. In tagwaye suka fito sun sha bamban da fiye da kashi 20 cikin ɗari, akwai gyara a hannunka ko a nasa.

Ƙasa da ganye

Zurfi ya dogara da tambaya. In yara ne damuwarka, saman ƙasa kawai za ka kankaro, santimita biyu zuwa biyar, domin ita suke rarrafe a kai suna kai hannu baki. In ka haƙa da zurfi ka gauraya, ka surka gubar da ƙasa mai kyau, lambar ta fito ƙarama. In lambu ne ko gona, daga sama zuwa santimita 20, inda saiwa take.

Ƙasa ba ta gauraye kamar ruwa, taku ɗaya yana iya raba mai guba da mai lafiya. Don haka a tsakar gida ɗaya ɗebi wuri biyar zuwa goma, ka haɗa a roba, ka juya sosai, ka baza, ka raba huɗu, ka zubar da kashi biyu masu kallon juna, ka maimaita har ya rage kamar rabin kilo. Amma inda ka ga alama ƙarara, kamar wurin da ake zubar da ruwan batir ƙasa ta yi fari-fari, ɗebe shi daban. Wanke cokali tsakanin wuri da wuri, sauya safar hannu. Kada ka yi aiki da fartanya mai tsatsa ko mai fenti.

A shanya a inuwa, a ɗakin da ƙura ba ta shiga, a murtsuke, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2.

Latas, alayyafo da kabeji a wanke su yadda mai girki za ta wanke, a auna nauyinsu ɗanye, a busar a tanda a zafin 70, a sake aunawa. Riƙe nauyin biyu. Iyakar dalma da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa wa ganye irin latas miligiram 0.3 ce a kilo na ɗanyen ganye. Ganye kuwa kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. Na sha ganin an auna busasshe an gwada da iyakar ɗanye, a ninka laifin sau goma, a ɗora wa 'yan lambu abin da ba su ji ba su gani ba.

Iskar wurin aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jingine na'ura a kusurwar shago a koma ƙarƙashin bishiya. Abin da ake son sani shi ne abin da mai aikin yake shaƙa, don haka a jikinsa ake rataya ta: ɗan famfon zuƙar iska a ƙugu, tiyo ya bi ta baya, kan matacin a maƙale a wuyan riga, bai fi santimita 30 daga hanci ba.

Takardar matacin ana ajiye ta kwana ɗaya a mazubin da ke tsotse danshi, a auna ta a sikeli mai ganin kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram ko ƙasa da haka. A daidaita zuƙar famfon, yawanci lita 2 a minti don ƙurar da ke shiga hanci da baki. Ƙurar dutse mai laushi da ke kaiwa can cikin huhu tana bukatar wani ɗan kai mai juya iska ya ware manyan ƙwayoyi, kuma kowane iri da saurin zuƙarsa, bi abin da aka rubuta masa. Bayan an tashi a sake auna zuƙar. In ta kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari, samfurin ya faɗi.

Na taɓa rataya wa wani mai injin niƙa. Da azahar na dawo na tarar da na'urar a rataye a ƙusa, an lulluɓe ta da hula. Na ce, "Maigida, yaya haka?" Ya ce, "Ai Malam gani na yi gari zai ɓata maka ita." Laifina ne, ban gaya masa garin nake nema ba. Ka zauna a wurin, ka rubuta lokacin da ya kunna inji, lokacin da ya tafi salla, lokacin da aka ɗauke wuta. Kuma ka roƙe shi ya yi aikinsa yadda ya saba, kada a share shago ko a yayyafa ruwa don baƙo.

Lissafin ba wuya. Lita 2 a minti, awa takwas minti 480 ke nan, iska lita 960, wato mita-kubik 0.96. In takardar ta ƙara nauyin miligiram 1.2, raba da 0.96, ka sami miligiram 1.25 a kowace mita-kubik. Don ka ga ƙanƙantar abin: iyakar ƙurar silika, wato ta dutse, ta awa takwas a dokar Amurka mikirogiram 50 ce a mita-kubik, haka ma ta dalma a iska. A nan ma akwai takardar shaida da ake kaiwa fili a dawo da ita ba a zuƙa ba.

Ƙara kuma da ma'auninta ake aunawa kusa da kunne. Desibel 85 awa takwas ne iyaka, duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji, kun kai wurin. Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki yana da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. In ma'auninta ya fara kuka, fitar da mutane tukuna, rubutu ya biyo baya.

A ɗakin gwaji

Ƙwayoyin cuta: a tace mililita 100 ta takarda mai ido mikiromita 0.45, a ɗora ta a kan abincin ƙwayoyin, a ajiye a zafin 44 na awa 18 zuwa 24, a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Ka tabbata akwai abin da zai riƙe wutar cikin dare. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar bahaya ta E. coli ko ɗaya a mililita 100.

Ƙarafa a ƙasa: a auna giram 1, a narkar a haɗin asid, kashi uku na haidurokulorik da ɗaya na naitirik, a kan wuta a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu. A tace, a cike zuwa mililita 50. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma ba a zuƙar komai da baki. Kafin injin AAS, mai auna ƙarafa, ya karanta naka, a fara ba shi ruwan da aka san adadin ƙarfen da ke ciki, mataki huɗu ko biyar, a ga sun hau layi miƙaƙƙe. A kuma ɗauki samfur ɗaya a ƙara masa adadin da aka sani, in inji ya dawo da kashi 80 zuwa 120 cikin ɗari na abin da aka ƙara, aikin yana kan hanya.

Inji yana ba da miligiram a lita, kai kuwa a kilo na ƙasa kake so. In ya ce 2.4, ninka da lita 0.05, raba da kilo 0.001, ka sami miligiram 120 a kilo. Cire na shaida kafin ka fara. Mutane da yawa 2.4 ɗin suke kwafewa su kai wa malaminsu.

Yanzu ga tambayar da na ce ita ce uwa. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Najeriya mai lamba NIS 554. Injin AAS mai aiki da harshen wuta, wanda shi aka fi samu, a aikace ba ya ganin dalmar da ta yi ƙasa da kamar 0.05. Ke nan ruwa zai iya ninka iyaka sau uku, takarda ta fito da "ba a gani ba", a ce wa mutane su sha. Ba a gani ba daban, babu daban. Na ƙasar garejin da lambobinta manya ne, wannan inji ya wadatar. Na ruwan sha kuwa, ko a nemi AAS mai tandar girafait, ko injin ICP, waɗanda suke ganin ƙaramin adadi, ko a ƙafar da ruwan mai asid a hankali ya ragu ninki goma ko ashirin kafin a auna. Duk takardar da ba ta faɗi iyakar ganin injin ba, koma ka tambaya.

Karanta sakamako, ka mayar wa masu shi

Sauran iyakokin ruwan sha da ya kamata su zauna maka a ka, duk miligiram a lita: asanik 0.01, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05, fuloraid 1.5, naitiret 50, sai pH tsakanin 6.5 da 8.5. Kula da naitiret, wasu ɗakunan naitirojin ɗin da ke ciki kawai suke rubutawa, a nan iyakar 11 ce ba 50 ba. Haɗarinsa ya fi kan jarirai da ake dama wa madara da ruwan rijiya.

Lamba ɗaya mai tayar da hankali, koma ka sake ɗiba kafin ka faɗa wa kowa. In ta tabbata kuma ta shafi jama'a, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko hukumar muhalli ta jihar Kaduna, ko hukumar muhalli ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007. In dalma ce a gidan da ke da ƙananan yara, maganar ta zama ta asibiti, a gwada jininsu. A rahoto lamba ake sa wa gida, ba sunan mai shi ba.

Kuma ka san shawarar da za ka bayar. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma ko naitiret, sai ma ta ƙara musu kauri tunda ruwan ne yake ƙafewa.

Wani dattijo da rijiyarsa ta fito da ƙwayoyin bahaya, na je na same shi a zaure bayan la'asar. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To ɗana, yanzu rijiyar da kakana ya haƙa za ka ce in cike?" Na ce, "A'a Baba, ba a kai nan ba." Muka shiga bayan an yi mana iso, na nuna masa bakin rijiyar da ya yi daidai da ƙasa, da gugan da ke yashe kusa da inda ake wanke wa yara kashi, da ruwan wanke-wanke da ke kwance a gindinta. Muka tsayar da magana: a ɗaga bakin da bulo uku, a yi mata daɓen siminti mai gangara, a sa murfi, guga ɗaya a rataye a ƙusa, a yashe ta a sa kulorin, na sha kuma a riƙa tafasawa kafin nan. Ya kira jikansa ya ce ya je ya tambayo kuɗin siminti buhu biyu. Ni kuma na rubuta a littafina: sake ɗiba mako biyu bayan an gama, da safe, sannan a sake a tsakiyar Agusta.